Jigon jirginmu ƙafa 52, gadar kuma ƙafa 49: ta yaya za mu wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Florida ta Amurka. Ni da abokin aikina mun haɗa kuɗi mun sayi wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai a garin Stuart, muna so mu kai shi Fort Myers ta hanyar tafkin Okeechobee. Takardar jirgin ta ce tsayin jigonsa, wato doguwar sandar da ke riƙe filafilai, daga fuskar ruwa ƙafa 52 ne, kuma an ce mana akwai gadar jirgin ƙasa a hanya wadda ba ta wuce ƙafa 49 ba. Wani ya ba mu shawara mu karkatar da jirgin da durom-durom na ruwa mu wuce. Shin da gaske ana yin haka, kuma babu haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan jirgi, ya kuma tsare ku a kan ruwa. Wanda ya ba ku shawarar bai yi ƙarya ba, ana yi, kuma an daɗe ana yi a daidai wannan gada. Ni ma na yi, a shekarun da na shafe ina kai wa mutane jiragensu daga tasha zuwa tasha. Amma kafin mu kai ga durom, akwai abin da ya tsaya mini a rai a cikin tambayarka, wato inda ka ce "takardar jirgin ta ce".

Kada ka ɗora ranka da dukiyarka a kan wannan adadi. Kamfanin da ya ƙera jirgin ya auna jigo ne tsirara, ran da ya fito daga masana'anta. Tun daga lokacin hannaye nawa jirgin ya bi? A ƙolin jigo yanzu akwai eriyar rediyo, wadda takan kai ƙafa uku, akwai fitilar dare, akwai 'yar fankar da ke auna gudun iska da kibiyar da ke nuna inda take busowa. Wani ma a cikin tsofaffin masu jirgin yana iya canza jigon gaba ɗaya bai rubuta a ko'ina ba. Wannan ya taɓa cin ni. An ba ni jirgi da takardar da ta ce ƙafa 62, na doshi gada mai ƙafa 65 hankalina kwance, sai na ji ƙara a sama, kayan awon iska suka faɗo kan bene, wato daɓen saman jirgin, gutsi-gutsi kusa da ƙafar yaron da ke taya ni aiki. Da muka auna daga baya, ashe an taɓa sa wa jirgin sabon jigo da ya fi na asali tsawo. Allah ya kiyaye, jigon kansa bai taɓa gadar ba, amma tun ranar ban sake shiga ƙarƙashin gada da adadin da ban auna da hannuna ba.

Awon ba wuya gare shi. Ku samu dogon tef na awo, ku ɗaura bakinsa a igiyar da ake ɗaga babban filafili da ita, ku ja har ta ƙure a sama, ku karanta a gindin jigo. Sannan ɗayanku ya hau, a ɗaure da igiya biyu, ya auna daga inda igiyar ta tsaya zuwa ƙolin abin da ya fi komai tsawo. Saura daga gindin jigo zuwa ruwa: ku shimfiɗa miƙaƙƙen katako a gicciye ya leƙa waje, ku tabbatar ya daidaita, ku auna zuwa ruwa ta dama da ta hagu, ku haɗa su ku raba biyu. Ku haɗa ukun. Tunda mutum ya riga ya hau, ya kwance eriya da fitila da kayan iska ya sauko da su cikin jaka. Wannan kaɗai yakan ba ku ƙafa biyu zuwa uku ba da ko kwabo ba, kuma dole ne ku yi shi ko yaya, domin sauran gadojin da ba sa buɗewa a wannan hanya wajen ƙafa 55 suke.

Yanzu gadar. Hanyar Okeechobee ta ratsa Florida daga Stuart a gabas zuwa Fort Myers a yamma, kimanin mil 154, da ƙofofin ruwa biyar, wato wuraren da ake tare ruwa a ɗaga jirgi ko a sauke shi zuwa wani mataki, kuma injiniyoyin rundunar sojan Amurka ne ke kula da ita. Gadar da ake nufi tana Port Mayaca, gab da shiga tafkin ta gabas. Irin wadda ake ɗaga tsakiyarta sama ce tsakanin hasumiya biyu, ƙafa 49 ɗin kuwa tsayinta ne bayan an ɗaga ta ta ƙure. Yawanci a ɗage take sai jirgin ƙasa zai wuce, saboda haka babu wani mai gadi da za ka roƙa ya ƙara maka ƙafa ɗaya.

A gabar teku akwai dabarar da ta fi kowace sauƙi, wato jira. Taswirar ruwa ta Amurka tana ba da tsayin gada ne daga matsakaiciyar cikar teku, don haka idan teku ta janye sararin yakan ƙaru. A inda ruwa ke hawa da sauka ƙafa shida, kamar gabar Georgia da Carolina ta Kudu, mai jigo ƙafa 66 yakan jefa anga ya sha shayi har ruwa ya sauka, ya wuce gada mai ƙafa 65 lafiya lau. Sai dai wannan dabara ba za ta yi muku aiki a Port Mayaca ba, domin gadar tana bayan ƙofar ruwa ta St. Lucie, teku ba ta isa wurin. Abin da ke ɗaga ruwan wurin ko ya sauke shi shi ne yawan ruwan tafki da yadda ake sarrafa ƙofofin. A shekarar fari ruwa kan yi ƙasa, sararin gadar ya ƙaru, amma a lokacin ne kuma tafkin ke rasa zurfi, ƙasan jirgi ya riƙa shafar dutse. Gaba kura, baya sayaki ke nan. Hukumar injiniyoyin sojan tana fitar da matakin ruwan tafkin da zurfin hanya kullum a intanet. Ku duba, ku kuma kira ma'aikacin ƙofar Port Mayaca ku tambaye shi yadda ruwan yake a ranar, sannan idan kun isa ku karanta allon awon da ke jikin gadar da madubin hangen nesa tun kuna da wurin juyawa.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ƙarƙashin gada bai san ƙima ba. Wanda ke tsaye a bene yana kallon sama kullum gani yake jigo zai daki gada, ko da akwai ratar ƙafa ashirin, kuma haka zai gani ran da babu rata ko inci ɗaya. Shi ya sa cewa "mu matsa a hankali mu gani" ba shiri ba ne. Kafin ido ya bambance, ƙarfe ya riga ya haɗu da ƙarfe.

To, mu zo kan karkatarwa. Mutane da yawa suna zaton da zarar jirgi ya ɗan kishingiɗa jigo ya yi ƙasa sosai. Ba haka lissafin yake ba. A farkon karkata, kan jigo gefe yake tafiya, ba ƙasa ba. Ɗauki jigonku a ƙafa 52 cif. Karkatar digiri 10, wadda mutanen da ke cikin jirgi za su ji ta sosai a ƙafafunsu, ba ta rage ko ƙafa ɗaya cikakkiya ba, tsayin yana nan wajen 51.2. A digiri 15 ya dawo 50.2. A digiri 20 ya zama 48.9, wato kun shiga da ratar da ba ta kai inci biyu ba, kuma wannan ba rata ba ce, domin taguwar ƙaramin kwalekwale mai inji ta isa ta cinye ta. Ni ƙafa ɗaya nake nema a ƙalla, don haka burinku ƙafa 48 ne, wanda ke buƙatar kusan digiri 23. Idan kuwa awonku ya nuna jigon ƙafa 54 ne, kuna bukatar digiri 27, idan 55 ne kusan digiri 29. Ka ga dalilin da ya sa na fara da tef.

Jirgi mai filafilai an gina shi ne don ya ƙi karkata. A ƙarƙashinsa akwai faffaɗan ƙarfe ko dalma mai nauyin gaske, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin ko fiye, kuma duk lokacin da jirgin ya kishingiɗa wannan nauyi yana jan sa ya miƙe. Da shi za ku yi kokawa. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce wadda aka gaya muku: a jera durom na roba a gefe ɗaya na bene, a ɗaure su tam, a cika su da famfo daga ruwan da jirgin ke ciki. Durom ɗaya yana cin lita 200 da 'yan kai, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. Matsalar ita ce gefen bene bai yi nisa da tsakiyar jirgi ba, bai fi ƙafa biyar zuwa shida ba, don haka nauyin ba ya samun dogon hannun da zai yi aiki da shi. A ƙiyasina, jirgi mai nauyin tan takwas zai iya neman ruwa kusan tan biyu a bene kafin ya kai digiri ashirin da wani abu, wato durom goma. A yankin Indiantown, 'yan mil kaɗan kafin gadar, an daɗe ana samun masu wannan sana'a da ke zuwa da kwalekwale da durom da famfo. Ku tambaya a tashar jirage ta garin ko akwai mai yi a yanzu. Idan akwai, ku biya shi. Ya san gadar fiye da ni da ku.

Hanya ta biyu ita ce a rataya nauyin daga kan jigo, da jakunkunan ruwa ko ƙaramin kwalekwalen roba da aka cika. Nan nauyi kaɗan yake aiki mai yawa, domin a digiri 23 kan jigonku ya fita gefe da kusan ƙafa 20, kuma abin da ke rataye da shi yana can tare da shi. Kilo 600 a can yana iya yin aikin tan biyu a bene. Akwai waɗanda suka shigar da jigo mai ƙafa 80 ƙarƙashin gada mai ƙafa 65 ta wannan hanya, da karkatar da ta haura digiri 35. Amma ina roƙonka kada wannan ya zama gwajinku na farko ku kaɗai. Nauyin da ke rataye a sama yana da mugun hali: duk yadda jirgi ya ƙara karkata, nauyin yana ƙara nisa, yana kuma ƙara jan jirgin. Abin da ke riƙe shi igiya ce ta biyu daga jakar zuwa na'urar jan igiya a bene, da ita ake sassautawa a hankali, da ita ake dawo da shi. Idan ta kuɓuce, jirgin zai faɗi gefe har sai jakar ta taɓa ruwa ta rasa nauyinta, shi ya sa masu hankali ke rataya jakar ƙasa-ƙasa, yadda ruwa zai tare ta a daidai karkatar da ake so. Idan kuma igiyar sama ce ta tsinke, jirgin zai miƙe farat ɗaya, kuma in hakan ya faru a ƙarƙashin gada, babu sauran magana. Ga shi 'yar tayar da igiyar babban filafili ke bi a kai an yi ta ne don jan sama da ƙasa, ja ta gefe yakan fitar da igiyar daga bakinta ta maƙale. Igiyar da ke bi ta taya mai juyawa a gaban kan jigo ta fi dacewa. A tsohon jirgi irin naku, wanda ba ku san shekarun wayoyin da ke riƙe da jigonsa ba, sai mai gyaran jigo ya duba su tukuna.

Ko wace hanya kuka bi, ga dabarar da na fi amincewa da ita, kuma ba ta buƙatar lissafin digiri ko kaɗan. Ku yanki siririyar igiya marar talewa, ku ɗaura kwalbar ruwa a bakinta, ku rataya ta daga ƙolin jigo yadda daga ƙolin zuwa gindin kwalbar zai zama ƙafa 48 daidai, ko ƙafa ɗaya ƙasa da abin da allon gadar ya nuna a ranar. Yayin da jirgi ke karkata, kwalbar tana fita gefe tana sauka. Lokacin da ta taɓa ruwa, kan jigonku yana ƙafa 48 daga ruwa, babu zato a ciki. Mutum ɗaya aikinsa ke nan kawai, ya zuba wa kwalbar ido. Muddin tana jan ruwa, a ci gaba. Ta ɗago, a tsaya.

Akwai abubuwan da mutane ke mantawa saboda hankalinsu ya tafi sama. Injin jirgi yana shan ruwan sanyaya kansa ta wata kafa a ƙasan jiki, idan kuka karkata ta ɓangaren da zai fitar da kafar daga ruwa, inji zai yi zafi. Tankin mai da ya yi ƙasa da rabi yana iya sa inji ya shaƙi iska ya mutu, saboda haka ku cika shi. Ku rufe tagogi da famfunan banɗaki da na wurin wanke-wanke, domin ta nan ruwa ke shigowa jirgin da ya kishingiɗa. Ku ɗaure duk abin da ke cikin ɗaki. Jirgin da ya karkata kuma ba ya bin sitiyari yadda ya saba, yakan so ya juya da kansa, don haka ku yi gwajin gaba ɗaya a fili, nesa da gada: ku cika, ku yi tafiya, ku juya, ku gwada komawa da baya, ku bar injin ya yi minti goma a haka. Kuma ku tuna faɗinku ya ƙaru. Da jigo ƙafa 20 a gefe ɗaya, ba tsakiyar gada za ku sa jikin jirgi ba, sai ku raɓa ɗaya ɓangaren don jigo da wayoyinsa su sami wuri.

Ku zaɓi sassafe, kafin iska ta tashi. Ku sanar a rediyon hannu cewa jirgi mai karkace zai wuce, ku roƙi masu inji su rage gudu. A Florida tasha ta 9 ce ta gadoji, ta 16 kuma kowa yana saurare. Ku shiga da gudun da bai wuce tafiyar ƙafa ba, iya wanda sitiyari zai ji. Idan ana sakin ruwa daga tafki yana gudu a magudanar, zuwanku daga gabas yana nufin kuna fuskantarsa, kuma hakan ya fi, domin jirgin da ruwa ke turawa daga baya ba shi da birki. Anga ta kasance a shirye a goshin jirgi. A ranar 17 ga Mayu 2025 jirgin horar da sojan ruwan Meksiko, Cuauhtémoc, ya daki gadar Brooklyn a New York, jigunansa uku suka karye, mutum biyu suka rasu. Ba niyyar shiga ƙarƙashin gadar ya yi ba, baya-baya ya tafi ya same ta. Duk lokacin da kake kusa da gadar da ta fi ka gajarta, ka san abin da za ka yi idan inji ya ƙi jin magana. Kada kowa ya hau jigo a lokacin wucewa don ya leƙa rata, na ga masu yi, kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wayoyin lantarki da ke ratsa magudana kuwa ba a yi musu lissafin inci, domin wuta takan yi tsalle ta kama jigon ƙarfe tun bai taɓa waya ba.

Ga ra'ayina a kan naku. Idan awo ya ba ku 52 ko ƙasa bayan kun cire kayan sama, kuma kun sami gwani da durom ɗinsa, ku wuce, abu ne da ake yi. Idan ya haura 53, ni ba zan karkatar da tsohon jirgin da ban san tarihinsa ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai ku zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai ku zagaya ta kudu, ta tsibiran Keys, ku ratsa ta gada mai ƙafa 65 a yankin Marathon ku hau gabar yamma, wanda zai ƙara muku kwanaki amma jigonku yana tsaye. Da jigonku ma gadar Julia Tuttle ta Miami, mai ƙafa 56 da ke tilasta wa manyan jirage fita teku, ba za ta tare ku ba. Ko kuma ku sauke jigon.

Sauke jigo ba abin kunya ba ne a wurin matuƙa. Masu jigo da ke shiga magudanar Erie daga kogin Hudson a jihar New York sukan tsaya a wajen Catskill a sauke musu, domin wasu gadojin yammacin magudanar ƙafa 15 da rabi ne. Masu ratsa Faransa ta magudanai haka suke yi saboda gadoji masu mita 3.5. A yankin Broads na gabashin Ingila, inda tsohuwar gadar dutse ta Potter Heigham ba ta kai ƙafa bakwai ba, tun asali ake ƙera jigo a kan ƙusa da nauyin dalma a gindinsa, ya kwanta ya tashi kamar jigon ban ruwa a fadama, har mutum ɗaya ya iya sarrafa shi. Naku ba irin wannan ba ne, sai da kiren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi. A tasha za su ɗaga shi cikin awa ɗaya ko biyu idan kun shirya: ku cire filafilai da sandar kwance mai riƙe gindin babban filafili, ku naɗa tef a kan zaren kowane abin ɗaure waya don ku san inda yake a da, ku cire wayoyin lantarki na gindin jigo ku rubuta sunan kowace, ku haɗa gammon katako uku a goshi da tsakiya da baya. Ku ɗaure shi ta gaba da baya, ba ta gefe kaɗai ba, domin Okeechobee tafki ne marar zurfi, daga Port Mayaca zuwa Clewiston kusan mil 25 ne a fili, kuma idan iska ta taso taguwarsa gajera ce mai girgiza. Jigon zai leƙo ƙafa da yawa gaba da baya, sai ku kula da shi a cikin ƙofofin ruwa.

Idan kuwa da durom kuka wuce, kada ku fara zubar da ruwa sai bayan jirgi ya fita sarai, ku kuma zubar ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku shiga tafki ku leƙa can ƙasan cikin jirgi ku ga ko ruwa ya shigo, ku duba man inji. Eriyar da kuka cire kuma ita ce muryarku a tsakiyar tafkin, don haka ko ku mayar da ita, ko ku ɗaura ta wucin gadi a ƙarfen bayan jirgi, ku kira ma'aikacin ƙofar Port Mayaca ku ji ko yana jin ku kafin ya buɗe muku.